Boila tana kashe kanta da asuba, manaja ya ce a yi wa suwic ɗin firesha dairek

Nasiru, Biradfod:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'a. Ina neman shawarar manya. An kira kamfanin da nake yi wa aiki zuwa wani gidan kula da tsofaffi a nan arewacin Ingila, bene mai hawa huɗu, ɗakin boilar yana ƙarƙashin ƙasa. Da bazara wasu suka cire musu tsohuwar boila, wato tukunyar da ke dafa ruwan ɗumama gidan, suka rataya sababbi biyu masu aiki da gas, kowace kilowat 90. A da tsarin a buɗe yake, ƙaramin tanki ne a saman bene yake ciyar da bututun. Yanzu an rufe shi, an sa injin ƙara firesha da jan tankin faɗaɗa mai lita 100. Bututu da lagiretocin da ke ɗumama ɗakuna kuwa tsofaffin ne, na zubin ƙarfe.

Ga abin da ke faruwa. Da rana in ruwa ya yi zafi, gejin firesha, wato matsin ruwa, yana hawa har kusan bar 3 (bar shi ne ma'aunin matsin), bawul ɗin kariya ya riƙa zubar da ruwa. Da dare ana rage zafin. Kafin asuba allura ta sauka ƙasa da bar 1, injin firesha ya kunna jar fitila, boilolin biyu su ƙi tashi. Manajan gidan ya ce wani ya faɗa masa wayoyi biyu ne kawai ke fitowa daga injin zuwa fanel, in aka haɗe su, wato aka yi dairek, boila za ta tashi ko da injin ya kunna jar fitila. Yana so mu yi haka har a wuce hutun ƙarshen shekara. Ogana ya ƙi, amma ya ce in zo masa gobe da lissafi da mafita. Ta ina zan fara?

Shehu, mai kula da zaure:
Wa alaikumus salam. Injiniya Balarabe, Musa, Injiniya Rabi'atu, wannan taku ce.

Ɗanjuma Mai Wayarin, Kano:
Nasiru, ni zan faɗi abin da wasu ba za su so ba. Tsofaffi ne a gidan nan, sanyin ƙasar kuma kisa yake yi. Ka ce boilar a ƙarƙashin ƙasa take. Ko geji ya sauka bar 0.8, ai akwai ruwa a kanta har tsayin mita takwas, ba bushewa za ta yi ba. A yi dairek na mako biyu, a sa mai gadi ya riƙa leƙa gejin, in an dawo aiki a gyara. Lalura ai tana halatta wasu abubuwan.

Injiniya Balarabe, Kaduna:
Ɗanjuma ɗana, tausayinka yana kan hanya, shawarar ce ba ta kai ba. Bari in yi maka bayani.

Kowane mita 10 na tsayin ruwa yana ba da kusan bar 1 a ƙasa. Bene mai hawa huɗu da ɗakin ƙasa, a ce mita 12 daga boila zuwa lagireton da ya fi kowane tsayi. Ke nan sai gejin ƙasa ya nuna bar 1.2 kafin ruwa ya kai can sama. In ya nuna 0.8, hawa na ƙarshe babu ruwa, ko kuma yana zuƙar iska ta bawul ɗin fitar da iska da duk wata mahaɗa da ta saki. To ka ga tsofaffin da ke sama ba za su sami ɗumi ba ko da boilar tana ci. Iskar da ta shiga kuma za ta zagayo ta faɗa cikin famfon tura ruwa. Waɗannan famfunan ruwan da suke turawa shi ne man shafawarsu, shi ne kuma mai sanyaya su. Su sha iska na 'yan awoyi, sun tafi.

Na biyu, kuma shi ya fi damuna: lissafinka ya tsaya a kan cewa gejin ba zai wuce 0.8 ba. Wa ya ba ka wannan tabbacin? Bututu ne tsofaffi da suka yi shekaru a buɗaɗɗen tsari, yanzu kullum ana matsa su zuwa bar 3 ana saki. Ranar da ɗaya ya fashe da ƙarfe ukun dare, wayoyin nan biyu su ne za su ce wa wuta ta tsaya. Mai gadi mutum ne, yana gyangyaɗi.

Ɗanjuma Mai Wayarin, Kano:
Baba Injiniya, Allah ya ƙara lafiya. Amma ai sababbin boilolin nan suna da nasu ma'aunin a ciki, ko ba haka ba?

Injiniya Rabi'atu, Mancesta:
Suna da shi, Malam Ɗanjuma, mafi yawansu kan kashe kansu in firesha ta yi ƙasa sosai. Amma wannan kariyar boilar ce ita kaɗai. Ba ta san da famfunan zagaye ba, ba ta san tsayin benen ba. Kuma wayoyin da manajan yake magana ba ƙarancin firesha kaɗai suke kai rahoto ba. A yawancin injinan da muke kafawa, hanya ɗaya ce take ɗaukar ƙarancin firesha, da yawanta, da yoyo, da lalacewar injin kansa. In ka haɗe su ka toshe bakin duka huɗun a lokaci guda.

Nasiru, jar fitilar da kake gani ina kyautata zaton ta yoyo ce. Injin yana ƙirga yawan tashin famfonsa da tsawon lokacin da yake gudu. In ya ga yana ta ƙara ruwa fiye da ƙima, sai ya ɗauka bututu ya fashe ya daina, don kada ya cika wa mutane ɗaki da ruwa. Karanta abin da allonsa ya rubuta kafin ka danna komai.

Musa Ɗan Damagaram, Hambug:
Salama alaikum. Ƙanena Nasiru, matsalarka a jan tankin take, kuma lissafin ba shi da wuya. Ɗauki biro.

Ruwan da aka zuba yana da sanyin digiri 10, in ya kai digiri 80 yana ƙara girma da kusan kashi 3 cikin 100. Ruwa kuma ba ya matsuwa, dole a sami inda ƙarin zai shiga. Aikin tankin ke nan: a cikinsa akwai roba, gefe ɗaya ruwa, gefe ɗaya iskar naitirojin da ake matsawa.

Fara da sanin yawan ruwan da ke cikin tsarin. In babu takarda, ana ƙiyasta lita 12 ga kowane kilowat a tsarin lagireto. Kilowat 180 ya ba ka kusan lita 2,200, kuma da yake naka na zubin ƙarfe ne da manyan bututu, kada ka rage. Kashi 3 na wannan ya kai lita 65 ko kusa. Ƙara rabin kashi ɗaya na ajiya, lita 11. A ce lita 75.

To tanki ba ya karɓar ruwa iya girmansa. Tsayinka mita 12, bar 1.2, sai ka ƙara 0.2, iskar tankin ta zama bar 1.4. Bawul ɗin kariya yana buɗewa a bar 3, ana barin tazarar rabin bar, ke nan iyakarka 2.5. Ƙara ɗaya a kan kowane saboda nauyin iskar sarari: 2.4 da 3.5. Cire ƙarami daga babba, 1.1, raba da 3.5, ka sami kusan kashi 31 cikin 100. Tankinka mai lita 100 lita 31 kawai zai sha, kai kuma kana da 75. Ragowar ta bawul take fita kullum da rana. In ruwa ya huce ya tsuke da dare, sai a ga giɓi. Abin da ya dace da gidan nan lita 250 ne, in da hali 300.

Nasiru, Biradfod:
Yaya Musa, Allah ya saka da alheri. Na rubuta. Amma me ya sa ba a ga matsalar da bazara ba?

Musa Ɗan Damagaram, Hambug:
Saboda da bazara ruwan wanka kawai ake dafawa, an rufe layin lagireto. 'Yan lita kaɗan ne ke zafi. Sai da sanyi ya shigo aka kunna gidan gaba ɗaya aikin ya nuna kansa.

Kuma kada ka tsaya a girman kawai, auna iskar da ke ciki. Bawul ɗinta irin na taya ne, gejin taya ma yana yi. Amma sai ka rufe bawul ɗin da ke tsakanin tankin da tsarin, ka zubar da ruwan da ke gefen tankin, sannan ka auna. In ka auna da ruwa a ciki, firesha ta tsarin kake karantawa, ba ta iskar ba. Nan mutane da yawa ke ruɗuwa. In ka danna bakin bawul ɗin ruwa ya fito maimakon iska, robar ta yage, tankin ya gama aiki. Bayan ka gama ka buɗe bawul ɗin ka cire hannunsa ko ka kulle shi, don kada wani ya zo ya rufe.

Injiniya Balarabe, Kaduna:
Musa ya gama magana a kan wannan. Abu ɗaya zan ƙara: duba inda aka haɗa tankin. Wurinsa a layin dawowa ne, wanda ruwa ke bi ya koma boila, ta bakin da famfo yake zuƙa. A daidai inda tankin ya haɗu da tsarin, firesha ba ta canzawa ko famfo ya tashi ko ya tsaya. In yana gefen zuƙa, ƙarfin famfon ƙari ne a kan ko'ina. In aka sa shi a gefen turawa, famfon zai riƙa rage firesha a sauran zagayen, hawa na sama ya koma shan iska alhali gejinka yana nuna lafiya.

Ɗanjuma Mai Wayarin, Kano:
Na ji lissafi, kuma na ƙaru. Amma har yanzu ba a ba ni amsa ba. Tanki mai lita 250 ba a aljihu ake yawo da shi ba, ana hutu. Daren gobe fa? Tsohuwa mai shekara 90 ta kwana a ɗakin da babu ɗumi saboda muna kare famfo?

Musa Ɗan Damagaram, Hambug:
Tambayarka tana kan gaskiya, Malam Ɗanjuma, kuma akwai mafita ba tare da an taɓa waya ba. Ba dole sai tanki ɗaya ba. Ana jera biyu ko uku a layi ɗaya, in dai iskarsu daidai take. Kowane kamfanin boila yana da mai lita 80 ko 100 a sito. A ƙara ɗaya, an sami lita 200, za su sha kamar lita 62. Sannan a rage zafin boilar zuwa digiri 70. A wannan zafin ƙarin bai wuce kashi 2.2 ba, kusan lita 49. Ya shiga har da saura. Gidan zai yi ɗumi, bawul ya daina zuba, injin firesha ya huta. Aikin awa biyu ne.

Injiniya Rabi'atu, Mancesta:
Ko da babu tankin ma, hita ta lantarki mai mai a ciki ake kaiwa ɗakunan a kwana da ita. Gidajen kula da tsofaffi da yawa suna ajiye su don irin wannan ranar.

Nasiru, tunda za ka buɗe fanel ɗin, bari in faɗa maka abin da zan duba in ni ce. Aikin da aka yi gaggawa a ɓangaren ruwa, da wuya a ce an natsu a wayarin.

Fara da kashe wutar lantarki, kuma kada ka yarda da makunni ɗaya. A ɗakin boila wuta kan shigo ta hanya fiye da ɗaya: ta fanel, ta kowace boila, ta injin firesha, wani lokaci har daga ƙararrawar gobara. Sai ka kashe babban makunni ka tarar da wata waya tana ɗauke da bolt 230 daga wani wuri. Gwada mitarka a inda ka san akwai wuta, auna wayoyin, sake gwada mitar, sa kwaɗonka a makunnin, makullin a aljihunka.

Launin waya kuma ka yi hattara, don gidan tsoho ne. Kafin canjin da aka fara a 2004 aka kammala a 2006, fes uku, wato wayoyin da ke kawo wuta, a Ingila ja ne da rawaya da shuɗi, nutural, wayar da wutar ke komawa ta cikinta, baƙi. Yanzu fes ruwan ƙasa ne da baƙi da ruwan toka, nutural shuɗi. Ka ga shuɗi da baƙi sun yi musayar aiki. In tsohuwar waya ta haɗu da sabuwa a akwati ɗaya, wanda ya bi launi kawai zai iya ɗora fes a kan nutural.

Ɗanjuma Mai Wayarin, Kano:
Wannan kam mun sha shi a nan ma. Mu har gobe ja da baƙi muka fi ja a gidaje, kayan da ake shigowa da su kuma da sabon launi suke zuwa. Ni yarana na hana su yarda da launi, mita ce shaida.

Injiniya Rabi'atu, Mancesta:
Haka ne, Malam. Sai wayoyin nan biyu da ake rigima a kansu. Su ba sa ɗauke da wutar kansu, rile ne kawai, wato makunni mai aiki da kansa, a cikin injin yake haɗa su ko ya raba su. Abin da za ka tabbatar shi ne an ɗaura su ta yadda sai injin yana da wuta kuma yana lafiya hanyar take a rufe. In aka ɗauke masa wuta, ko waya ta tsinke, hanyar ta buɗe boila ta tsaya. Na sha ganin an ɗaura su akasin haka, sai wani ya zare fulogin injin, boila ta ci gaba da ci babu mai tsaronta. Gwajin mai sauƙi ne: boila tana ci, kashe injin firesha. In ba ta tsaya ba, akwai gyara.

Kuma wannan hanyar umarnin tashi take yankewa, ba wutar boilar gaba ɗaya ba. Boila tana bukatar wutar da ba ta yankewa, saboda bayan harshen wuta ya mutu famfonta yakan ci gaba da gudu na wasu mintuna ya kwashe zafin da ya rage a cikinta. Wanda ya ɗora agogon lokaci a kan babbar wayar boila, kullum yana kashe ta da zafi a ciki, ruwan ya riƙa tafasa yana bugu.

Ƙananan wayoyin sigina, irin na bolt 0 zuwa 10 da ke gaya wa boila ta ƙara ko ta rage, da na ma'aunin zafi, kada su bi bututu ɗaya da wayar famfo. A yi musu hanyarsu, da waya mai rufin kariya. Daga ƙarshe ka nemi jan maɓallin gaggawa a bakin ƙofa, ka tabbatar yana rufe bawul ɗin gas na lantarki, kuma in an sake shi gas ba ya dawowa da kansa sai mutum ya zo ya buɗe. Wannan gwajin tare da oganka za ku yi.

Nasiru, Biradfod:
Na gode, Anti Rabi. Ɓangaren gas dama ba na taɓawa, ogana ne ke da rajistar Gas Safe, ta masu izinin aikin gas.

Injiniya Rabi'atu, Mancesta:
Madalla. Ga masu sha'awar shigowa sana'ar a nan: tun Afrilun 2009 Gas Safe ta maye gurbin tsohuwar rajistar CORGI, kuma doka ce a ƙarƙashin dokokin gas na 1998 cewa sai mai rajista zai yi aikin. Takardar aikin gida daban, ta manyan wurare daban. Daga kilowat 70 zuwa sama wasu ƙa'idoji ne, BS 6644 na daga cikinsu, sun shafi iskar da ɗakin zai samu da bututun hayaƙi da sauransu. Wayarin kuma ƙa'idar Birtaniya ta BS 7671 ake bi. Cika ruwan ma akwai dokar 1999 a kansa: ruwan da ke cikin lagireto yana da magani, ba a yarda ya koma bututun ruwan sha ba. Shi ya sa injin firesha yake da ɗan tanki a cikinsa mai tazarar iska tsakaninsa da ruwan famfo.

Hajiya Asabe, Jos:
Ku yi haƙuri in katse ku, 'ya'yana. Ni ba ma'aikaciya ba ce, masauƙin baƙi gare ni, ɗana ne ya sa ni a zauren nan. Kun san sanyin Jos a Disamba da Janairu, baƙo ba ya yafe rashin ruwan zafi. Mun sayo boilar gas daga waje. In wutar NEPA ce tana aiki lafiya lau. Da an koma janareta sai ta kunna, wuta ta kama, bayan 'yan daƙiƙu ta mutu. Sau uku ta yi haka sai ta kulle. An canza mana allon cikinta, ba ta daina ba. Yanzu wani yana cewa a cire abin da ke ganin wutar.

Ɗanjuma Mai Wayarin, Kano:
Hajiya, ranki ya daɗe, kada ki bari a cire. Wannan kam ni ma ba zan goyi baya ba, gas ne zai riƙa fita babu wuta. Matsalar a janaretanki take. Boilar tana gane akwai harshen wuta ne ta wani ɗan siririn ƙarfe da ke cikinsa. Wata 'yar ƙaramar lantarki ce take bi ta harshen wutar zuwa jikin boilar, ta koma ta wayar ƙasa. A wutar NEPA an haɗa nutural da ƙasa tun daga taransifoma, shi ya sa hanyar take cika. Ƙananan janareta da yawa nutural ɗinsu a sake yake. Boilar tana kunna wuta amma ba ta ganinta, sai ta rufe gas, kuma daidai ta yi.

A samo mai wayarin da ya san aikinsa ya auna tsakanin nutural da ƙasa lokacin da janareta ke aiki. In ya ga bolt mai yawa, a haɗa nutural da ƙasa a wurin janaretan, a kafa sandar ƙasa mai kyau, canjin layin kuma ya zama mai yanke har da nutural. Ya duba kuma ko an juya wayar wuta da nutural a soket, wannan ma yana kawo haka. A sa mata sitabilaiza.

Musa Ɗan Damagaram, Hambug:
Hajiya, ƙari a kan na Malam Ɗanjuma. Ki tambaya ko an juya boilar zuwa gas ɗin silinda. Yawancin na Turai a kan gas ɗin bututu ake saita su, wanda ke zuwa da firesha ta kusan milibar 20 (milibar dubu ne bar 1), shi kuwa furofen, irin na silinda, 37 ne a Ingila, kuma yawan iskar da kowane ke bukata daban ne. In ba a saita ba tana iya yin hayaƙin da ba a gani ba a jin warinsa, mai kisa. Gas ɗin silinda kuma ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, don haka ɗakin ya zama yana da mafitar iska ta ƙasa kuma kada ya zama rami. Jos tana kan tudu kusan mita 1,200, iska ta fi ta bakin teku sauƙi, saitin sai da na'urar auna hayaƙi.

Hajiya Asabe, Jos:
Allah ya yi muku albarka. Zan tura wa ɗana ya nemo mai aikin.

Injiniya Balarabe, Kaduna:
Na ji daɗi da Ɗanjuma ne ya ba Hajiya amsa. Abin da ya hana ta cirewa da abin da manajan Nasiru yake so a haɗe, aikinsu ɗaya.

Ni a kan boilar tururi na yi rayuwata, a masaƙa a Kakuri, lokacin da masaƙun Kaduna ke aiki dare da rana. Ta Nasiru ta ruwan zafi ce, ba ta kai tamu haɗari ba, amma asalin abin ɗaya ne. Ruwan da ke cikin matsi yana wuce digiri 100 bai tafasa ba. A bar 3 sai ya haura digiri 140. Da ya sami kafa, wani sashensa ya koma tururi nan take, tururi kuma yana cin wuri kusan ninki 1,600 na ruwan da ya fito daga ciki. Duk direban da ya taɓa buɗe murfin lagireton mota da zafi ya ga ƙaramin misalinsa.

Kayan kariyar nan da jini aka saye su. A watan Maris na 1905 boila ta fashe a masana'antar takalma ta Grover a garin Brockton na jihar Masacusets a Amurka, mutum 58 suka mutu. Irin waɗannan ne suka sa jihar ta kafa dokar boila, ƙungiyar injiniyoyi ta ASME kuma ta fitar da ƙa'idarta ta 1914. Mu ma Dokar Masana'antu ta 1987 ta ce a duba kowace boilar tururi aƙalla sau ɗaya a wata 14. Abin da ke tayar mini da hankali yanzu shi ne injinan gyaran shinkafa da suka yawaita a Kano da Kebbi da Jigawa, masu turara shinkafa da boilar da ake hura wa ɓuntu. Manyan suna da injiniyoyi. Ƙananan ne nake jin tsoro, inda za ka ga bawul ɗin kariya yana tsiyaya an ɗaure shi da waya, gilashin ganin ruwa ya yi duhu ba mai wanke shi, ga leburori suna shanya a gefe. Duk ɗan zauren nan da aka kira irin wurin, don Allah ya fara da waɗannan biyun.

Shehu, mai kula da zaure:
Baba, wannan maganar ta cancanci zama na musamman. Za mu buɗe mata nata.

Nasiru, Biradfod:
Salam. Ga rahoto. Allon injin yoyo ya rubuta, kamar yadda Anti Rabi ta ce. Mun rufe tankin mun zubar da ruwansa, iskar bar 0.6 ce kawai, ke nan tun da sanyi ruwa ya riga ya cinye wani sashensa. Robar lafiya take. Mun mayar da ita 1.4, mun jera wani mai lita 100 daga sito, mun cika tsarin zuwa 1.7, mun fitar da iska daga hawa na sama, mun sa boila a digiri 70. Da yamma geji ya tsaya a 2.3, yau da asuba 1.7. An yi odar mai lita 200 da za a haɗa da na asalin. Wurin haɗin daidai yake, Baba, a gefen zuƙa. Gwajin kashe injin ma ya yi, boilolin sun tsaya. Agogon lokaci ne muka tarar a kan babbar wayar boila ta biyu, ogana ya mayar da shi kan umarnin tashi.

Abu ɗaya ya rage. Ruwan da ya fito baƙi ƙirin ne, kuma yana manne wa maganaɗisu.

Musa Ɗan Damagaram, Hambug:
Tsatsar baƙin ƙarfe ce. Wata tsohuwa ce daga zamanin buɗaɗɗen tanki, wata kuma sabuwa, don duk litar da injin ya ƙara cikin makonnin nan da iskar oksijin ta shigo, ga maganin hana tsatsa yana bin bawul yana fita. Hanyoyin ruwa a cikin sababbin boiloli ƙanana ne, wannan dattin yana toshe su, masu ƙera su kuma ba sa biyan garanti in ruwa ne sila. Ɗebi ruwan a kwalba a kai gwaji. In cikin boilar na alminiyom ne, duba littafinta, yawanci pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwan, ba a so ya wuce 8.5. Mu a Jamus ƙa'idar VDI 2035 muke bi, sau da yawa da ruwan da aka cire wa gishiri muke cikawa.

Yanzu a sa matattarar datti mai maganaɗisu a layin dawowa, a zuba magani. Wankin tsarin gaba ɗaya a bari sai sanyi ya wuce. In ni ne zan rubuta wa mai gidan farashin raba ruwan boila da na tsofaffin bututu da faranti mai musayar zafi, kowane ɓangare da tankinsa da bawul ɗinsa.

Ɗanjuma Mai Wayarin, Kano:
Alhamdu lillahi, tsofaffi sun kwana da ɗumi, abin da nake nema ke nan. Nasiru, turo mana hoton cikin fanel ɗin da zanen wayarin in akwai, ina so in nuna wa yarana yadda aka ɗaura rilen.

Nasiru, Biradfod:
Zanen yana manne a bayan ƙofar fanel. Ranar Litinin za mu koma sa matattarar, in sha Allahu zan nemi izinin ogana in ɗauko maka.